Amsa ga Malama mai son kai 'yan kulob ɗin kimiyya ziyarar gona

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na ga tambayarki cewa kina son fita da yaran kulob ɗin kimiyya na makarantarku a nan Kano su ga harkar noma da lambu, kuɗin kuma ba su da yawa, kina neman shawarar inda za ki kai su. Na daɗe ina koyar da darasin noma a sakandare, kuma na sha fita da yara irin wannan fita, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Da yawa za su ce miki ki tafi Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wuri ne mai daraja, tun 1922 ake bincike a can, daga nan ne irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT suke fitowa. Amma sai kin rubuta takarda da wuri, ga kuɗin mota zuwa Zariya, kuma yaron da bai taɓa tsayawa a gona ya yi tambaya ba, in ya shiga ɗakin gwaji kallo kawai zai yi. Ni a ganina ki ajiye Samaru sai fita ta biyu. Ta farko ki nufi Kadawa ko Kura, yankin noman rani da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. Yana kusa, fitar safe ce a dawo kafin la'asar, kuma daga Disamba zuwa Maris za ki tarar da tumatir da albasa da alkama duk a tsaye.

Abin da ya fi inda za a je muhimmanci shi ne kada yaro ya shiga mota ba tambaya a hannunsa. Ki raba su rukuni-rukuni tun ana saura mako, kowane rukuni da aikinsa. In ba haka ba, hotuna za su ɗauka, su sha rake, su dawo.

Rukunin ƙasa su tafi da kwalaben roba masu haske. Su ɗebi ƙasar jigawa a kwalba ɗaya, ta fadama a ɗaya, su cika da ruwa, su girgiza sosai su ajiye. Cikin minti guda rairayi zai kwanta a ƙasa, mai laushin ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ya fi ruwan bai washe ba. Daga nan yaro da kansa zai gane dalilin da ya sa shinkafa take son fadama, gero da gyaɗa suke son jigawa. In sun ga inda ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, su tambayi mai gonar. Gishiri ne yake tasowa idan ruwa ya yawaita kwanciya kuma magudanar fitarsa ta toshe, rana ta ƙafar da ruwan ta bar gishirin a sama.

Rukunin ruwa kuma su lura cewa ruwan da ke babbar magudana ba inji ne yake turo shi ba, gangara ce kawai tun daga Tiga. A ƙaramar magudana su auna mita 10, su jefa kara, su duba daƙiƙa nawa ya yi kafin ya kai, sannan su auna faɗi da zurfin ruwan da sanda daga bakin gaɓa. Da waɗannan za su lissafa saurin ruwan da yawan wanda yake wucewa. Lissafin da suke gudu a aji, a nan za ki ga suna rige-rigen yin sa. Sai dai ina roƙonki, Malama, kada ki bar ko ɗaya ya tsoma ƙafa. Ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido yake gani, kuma irin wannan ruwa akwai dodon koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya. Ki faɗa musu tun a makaranta, ki sake faɗa a bakin ruwan.

Inda na fi son ki daɗe da su shi ne gonar tumatir. Ki nemi manomi dattijo ya ba su labarin shekarar 2016, lokacin da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har kwando ya gagari mutane. Sunanta a kimiyyance Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka. Ki sa a tsinko ganyen da ya yi tabo fari kamar takarda, yaro ya ɗaga shi saitin rana. Zai hango 'yar tsutsar a tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, tana ci tana tafiya. Na ga yarinyar da ba ta cika magana a aji ba ta riƙe irin wannan ganye, ta ɗago ta ce, "Malam, to ai maganin feshi ba zai taɓa ta ba, tana ciki." Manomin ya ce mata abin da ya sha musu kai ke nan, sun yi ta ƙara magani tsutsa ba ta mutu ba. Irin wannan ganewa nake nema a fita, kuma ban taɓa samun ta daga allo ba. Ki dai tambaya tukuna ko an yi feshi kwanan nan, in an yi a canza gona, kuma kowa ya wanke hannu kafin cin abinci.

Taki ma akwai aiki a kansa. Su karanta abin da ke jikin buhu. Yuriya tana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, shi kuwa kamfa mai 15-15-15 kilo 7.5 ne kacal, amma ya zo da sauran sinadarai biyu. Su tambayi manomi me ya sa ake binne yuriya maimakon a watsa ta a sama. Wanda ya sani zai ce rana da iska suna tafiya da ƙarfinta, ke kuma sai ki ɗora musu bayanin ammoniya, wato iskar da naitirojin ɗin yuriya yake zama ya tashi in an bar ta a sama.

Maganar shiri ba ta da tsawo. Takardar amincewar iyaye, izinin shugaban makaranta, malami namiji da mace in yaran a haɗe suke, ruwan sha, da akwatin agajin farko. Ki je da kanki kafin ranar, ki gaida dagaci ko mai unguwa, ki nemi malamin gona na yankin ya haɗa ki da manomin da zai karɓe ku. Kada ku sauka wa mutum a gona ba sallama, kuma ki ja kunnen yara su bi kan kunya, kada su tattake dashe. In za ku tafi ku sayi tumatir ko albasa a hannunsa, ya fi jin daɗin wannan a kan a miƙa masa kuɗi.

Idan kun dawo, kada abin ya tsaya a rahoton da za a rubuta a ajiye. Ki nemi ɗan fili a bayan aji, ko da buhunan siminti ne a cika da ƙasa. Wani a sa takin gargajiya, wani na zamani, wani a bar shi haka, iri ɗaya, ruwa daidai, su riƙa auna tsayi duk mako. Da damina ta faɗi ku shuka wake ko gyaɗa, bayan kamar mako shida a tono ɗaya a hankali a wanke saiwar. Za su ga ƙananan ƙulalai a jiki, su fasa da farce, wanda cikinsa ya yi ja-ja shi ne ƙwayoyin Rhizobium suke aiki a ciki suna kamo naitirojin daga iska. A nan za su fahimci abin da ya sa kakanninsu suke haɗa gero da wake a gona ɗaya. Yaran da suka yi wannan su ne za ki kai Samaru a zango na gaba, don lokacin suna da abin da za su tambayi masu binciken.