Amsa ga ƙanin da ke son sayen oktofas ta intanet

Salam ƙanina. Tun da asuba na ga tambayarka, cewa wani ya sa hoton oktofas, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a Facebook, ya ce ka tura kuɗi duka ta MoMo (asusun kuɗi na waya) sannan ya sa maka shi a mota zuwa Kumasi, kuma tankinka sati biyu ke nan da zuba ruwa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don hanyar da na bi ke nan bara a nan Nima cikin Accra.

Nawa mai sayarwar rantsuwa ya yi min cewa ƙarama ce. Na ce wane iri ne, ya ce shi dai mai ruwan ƙasa ce kuma lafiyarta lau. Kuɗin da na tara wata huɗu na tura masa. Da ta iso na ga girmanta na yi ta murna, ashe girman nan shi ne matsalar, don yawancin waɗanda ake ajiyewa a gida shekara 1 zuwa 2 ne duk rayuwarsu, in ka sayi babba to ka sayi wadda ta kusa tafiya ne. Sati uku muka yi da ita tana miƙo hannu tana karɓar kaguwa, har yarana suka sa mata suna, sai rana ɗaya ta shige ramin dutse ta jawo ɓawon kaguwa ta toshe ƙofa. Na haska tocila na ga ƙwai jere a rataye kamar ƙwayar shinkafa, tana hura musu ruwa. Daga ranar ba ta ƙara cin komai ba. Har Jamestown na je wajen masunta na samo kaguwa mai rai da jatan lande, in na miƙa sai ta ture da hannu, tana ramewa launinta yana koɗewa ina kallo ba yadda zan yi. Haka Allah ya yi su, mace in ta yi ƙwai ta daina ci har ta mutu, kuma mutumin nan ya san da haka. Na kira shi ya ce wai ruwana ne ba kyau, na tura masa hoton ƙwan, sai kawai ya yi min bulokin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba don kuɗin ba, ƙaramar 'yata kwana biyu tana kuka. Allah ya isa.

Don Allah kar ka tura ko sidi ɗaya sai ya yi maka bidiyo kai tsaye, ya sa hannunsa a jikin gilashin ka ga girmanta, ya ba ta abinci ka ga ta ci. In bai san sunan irin ba rabu da shi. Akwai na Kalifoniya da zafin nan namu zai kashe in ba ka da na'urar sanyaya ruwa, akwai kuma ɗan mitsitsi mai zobba shuɗaye a jiki, wannan dafinsa yana kisa kuma ba shi da makari, ko kyauta aka ba ka kar ka kai gidan da ke da yara.

Tankin sati biyu kuwa bai nuna ba, ba shi kamar wata 3, amoniya (gubar da ƙazanta ke saki a ruwa) ta sauka sifili, gishiri ya tsaya 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. In na hannu ka saya tambayi mai shi ko ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe, don ko kaɗan ne yana kashe su. Murfi kuma ka ɗaure shi tam ka toshe bakin filta da raga, duk ramin da bakinta ya shiga to jikin gaba ɗaya zai bi.

Tafiyar ma tana damuna, Accra zuwa Kumasi awa biyar ko fiye a cikin leda, in ta tsorata ta saki tawada a ruwan to numfashi ya gagara. Ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ni sai da na sayi famfon iska mai batir, don su ba sa jure ƙarancin iska kamar kifi. Kuma a Kumasi ina za ka riƙa samun kaguwa mai rai duk sati? Wannan ka fara nemowa tukuna, sannan ka turo min bidiyon mutumin mu duba tare.