Kafin ka sayi babbar sabar nan, duba batirinka

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka ga babbar sabar ofis, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta gwanjo da araha, kana son girka ta a gida don koyon netwok, kana tambaya ko ka saya. Ni dai da za ka ji tawa, riƙe kuɗinka tukuna, don na riga ka shiga wannan ramin.

Tawa ta farko irinta ce. Ranar da na kunna ta a falo, uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ɗauka janareta na shigo da shi ɗaki. Ƙarar ma da sauƙi, wutar ce matsalar. Ko ba ta aikin komai tana jan kusan wat 150, wato yunit 3.6 a mita kullum, sama da 100 a wata. Batirin inbata na 12V 100Ah kuwa wat-awa 1,200 yake ɗauka, kuma in mai ruwa ne rabi kawai za ka sha in kana son ya yi ƙarko. Awa 4 ke nan, ba ka ma sa fankar ɗaki a lissafi ba. Wani dare aka ɗauke wuta, batirin ya ƙare tana tsakiyar rubutu a faifai, aikin sati uku ya tafi. Wata biyar na sayar da ita da asara.

Yanzu ƙaramar kwamfutar ofis nake amfani da ita, irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny, ba ta kai girman faranti ba. Wat 10 zuwa 15 take ci a zaune, batirin nan ya riƙe ta fiye da kwana guda. Na sa mata RAM 16GB da SSD, na ɗora Proxmox, tsarin da ke ba ka damar gudanar da kwamfutoci da yawa cikin guda ɗaya, wanda kyauta ne kuma a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina shi. Cikinta nake ƙirƙirar kwamfutocin gwaji, in lalata, in sake. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka saita ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo.

In CCNA, jarrabawar netwok ta kamfanin Cisco, ka sa gaba, manhajojin kwaikwayon netwok Packet Tracer da GNS3 sun ishe ka farawa. Daga baya ka nemi ƙaramar rautar MikroTik da suwic mai VLAN, wato mai iya raba netwok ɗaya gida-gida, don hannunka ya saba da kebul na gaske.

Abin da ya cinye mini kwanaki shi ne shiga sabar daga waje. Na buɗe ƙofa, wato port, a rauta har na gaji, ashe yawancin layukan waya adireshi ɗaya suke raba wa mutane da yawa, abin da ake kira CGNAT. Manhajar Tailscale ce ta raba gardama, tana haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya bisa fasahar WireGuard, ba sai ka buɗe komai ba.

Ƙurar hunturu kuma, ka buɗe kwamfutar ka hure lokaci-lokaci, kada zafin Afrilu ya same ta a toshe. Sannan in za ka gwada Pi-hole, manhajar toshe talla da na'urorin gida ke bi ta kanta wajen neman shafuka, kada ka fara da layin gida. Na taɓa kashe sabar da Pi-hole ke kai na fita, intanet ɗin gidan gaba ɗaya ta tsaya, kafin in isa bakin titi an kira ni sau huɗu.

Nawa ne ƙarfin inbatarka, kuma akwai sola? Faɗa mini in taya ka lissafin.