Kafin a fasa bango, a fara auna ruwan

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce za ka ƙara banɗaki biyu a saman bene saboda yaronka zai yi aure, kana tambaya ko tankinka zai wadatar, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin wannan aikin ne ya ci min kuɗi ya kuma ba ni kunya a gaban surukai.

Ka daina duba girman tanki, tsayinsa za ka duba. Tankin lita 5,000 da na lita 1,000, in tsayinsu ɗaya, ƙarfin ruwansu kusan ɗaya ne. Sai an sami tazarar mita 10 daga saman ruwan tanki zuwa bakin famfo kafin a sami abin da masu aikin ke kira bar 1, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. To ka lissafa shawar da ke mita 2 kacal a ƙasan tanki. Ruwanta ba zai zo da ƙarfi ba.

Ni mai aikin famfon da na ɗauka cewa ya yi, "Alhaji ka bar min komai." Ashe daga siririn bututun rabin inci da ke zuwa kicin ya ja ruwan saman gaba ɗaya, ya rufe da siminti, aka manna tayil, ya karɓi kuɗinsa cif. Lokacin bikin ƙanwata muka sauke baƙi a sama. Da asuba mata sun buɗe famfon tsakar gida suna wanke tukwane, na sama kuwa sai huci yake, ko ɗigo babu. Surukina, dattijon da ko ido ba na iya haɗawa da shi, yana tsaye bakin ƙofa da buta a hannu har aka ta da salla. Bai ce min uffan ba, shirun nan ne ya fi ƙona min rai. Yara na ta hawa da bokiti, matakala ta jiƙe, wata baƙuwa ta zame ta bugu a ƙugu. Na kira mutumin nan ya ƙi ɗauka. Da na same shi daga baya, ko kunya babu ya ce wai ai ban gaya masa za a yi taro ba. Gidan Bahaushe ne ba a taro? Tayil ɗin da na saya da tsada, a kan idona aka farfashe shi. Allah ya isa.

Don Allah ka ja tiyo zuwa daidai tsayin da kan shawar zai kasance, ka tara jarkar lita 20. Ka sa a buɗe famfon kicin da na ƙasa, a kuma kora masai lokaci guda, da safe sa'ad da kowa ke buƙatar ruwa. In jarkar ta wuce minti 3 ba ta cika ba, wankan ba zai yi daɗi ba, hita ma wata ba za ta tashi ba.

In rijiyar burtsatse gare ka, kada ruwan damina ya ruɗe ka. Watan Maris da Afrilu ne za ka san gaskiyarta, lokacin da ruwan ƙasa ke ja baya, sumo, wato injin da ke cikin rijiyar, ya riƙa zuƙo iska.

Saman ya sami layinsa na kansa tun daga tanki, bututun inci ɗaya, don faɗinsa ya ninka na rabin inci sau biyu, sararin cikinsa kuwa kusan sau huɗu. A rage lanƙwasa, kowace gwiwa tana cin ƙarfin ruwa. Za su ce ka sa injin ƙara ƙarfi. Yana aiki, amma ranar da babu wuta fa? Ni ƙarfen tankin na ƙara wa tsayi, da maƙeri na ƙwarai, don lita 1,000 na ruwa tan guda ne cur.

Sokawe ma kada ka manta da shi, banɗaki biyu kaya ne a kansa, ga maƙwabta.

Kuma kada ka cika wa kowa kuɗi sai ka ga ruwa na zuba a sama da idonka, tun ba a shafe bango ba. Ka faɗo mana tsayin ƙarfen tankinka da girman bututun da ya sauko daga cikinsa. Allah ya sa a yi biki lafiya.