Tambaya da Amsa: Mun Yaye Ɗalibai, To Ina Suka Shiga?

Saƙonnin wannan makon daga masu kula da cibiyoyin koyar da manya sana'a da shirya su neman aiki suka fi fitowa, don haka na haɗa su wuri guda. Na sakaya sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya daga Zariya: Malam, muna da cibiya da muke koya wa manya ɗinki, gyaran waya da haɗa sola, muna kuma nuna musu yadda ake rubuta takardar neman aiki da amsa tambayoyin intabiyu. Mun yaye rukuni uku, sunayen suna cikin littattafan rajista uku. Yanzu masu ɗaukar nauyinmu sun ce mu kawo adadin waɗanda suka samu aiki, mun rasa ta inda za mu fara. Wace manhaja za mu saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Cibiyar da ɗalibanta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, Google Sheets ko Excel ya ishe ta, kuma Sheets kyauta ne ga duk mai adireshin Gmail. Abin da ya ɗaure ku shi ne yadda aka rubuta sunayen tun ranar farko, kuma ko manhajar miliyan ka saya, abin da ka zuba mata shi za ta dawo maka da shi.

Ka buɗe fayil ɗaya mai shafi uku. Shafin farko na rajista ne, kuma dokarsa ɗaya ce: mutum ɗaya, layi ɗaya, lamba ɗaya. Lambar nan ku za ku ƙirƙira ta, misali ZR-25-001, wato Zariya, shekarar 2025, mutum na farko. A rubuta masa ita a ɗan kati ya riƙe. Dalili kuwa, suna ba ya riƙe mutum a kwamfuta. Wanda ya rubuta Muhammad yau, gobe sakatare zai rubuta masa Mohammed, a takardar shaida kuma ya fito Muhammadu, kwamfuta ta ƙirga mutum uku. A aji ɗaya kuma kana iya samun Aisha Abubakar biyu, ta ƙirga su mutum ɗaya.

Bayan lamba da suna, sai jinsi, shekarar haihuwa, unguwa, sana'ar da ya zaɓa, da ranar shiga. Na ce shekara ba rana ba, domin da ka matsa sai an kawo rana, za ka ga rabin ajin an haife su ranar 1 ga Janairu. Sai abubuwa biyu da kusan kowace cibiya ke mantawa da su, su ne kuma ke kayar da ita daga baya. Na farko, lambar waya ta biyu: ta miji, ta wa, ta maƙwabci, tare da sunan mai ita da dangantakarsu. Na biyu, abin da mutum yake yi kafin ya zo. Zaune yake? Yana 'yar tireda? Yana acaɓa? Kusan nawa yake samu a mako? In ba ka rubuta wannan ranar shiga ba, bayan wata shida ba ka da abin da za ka gwada da shi. Matar da ta zo da kekenta tana ɗinki tun da, in ka tarar da ita tana ɗinki bayan yaye, ba za ka ce ku kuka sama mata sana'a ba, sai dai ka nuna cinikinta ya ƙaru, shi ma sai in ka san na farkon.

Shafi na biyu na halartar aji ne, na uku na bibiya bayan yaye. A duka biyun lambar ɗalibi ake sawa, ba a sake buga sunansa. Duk inda amsa ke maimaituwa, kamar sana'a ko jinsi, kada ka bari a riƙa bugawa da hannu. Shiga Data, ka zaɓi Data validation, ka jera zaɓin da kake so, mai shigar da bayani ya riƙa latsawa kawai. In ba haka ba za ka tarar da ɗinki, dinki, tela da tailoring a layi ɗaya, duk abu guda ake nufi.

Su kuwa tsofaffin littattafan nan uku, sai haƙuri. A zaunar da mutum biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, rukuni bayan rukuni, a fara da na baya-bayan nan tunda su ne wayoyinsu suka fi yiwuwa suna shiga.

Tambaya daga Gusau: Duk lambar wayar da na buga a Excel sai sifirin farko ya ɓace, 0803 ta koma 803. Wasu kuma sun koma wani abu mai E da alamar tarawa. Kwamfutar ce ta samu matsala?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Malama. Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, a lissafi kuwa sifirin gaba ba shi da amfani, sai ya jefar. Mai E ɗin kuma, waɗanda kika fara da 234 ne: sun kai alƙaluma 13, shi kuwa Excel da adadi ya kai alƙaluma 12 sai ya taƙaice shi. Kafin ki fara bugawa, zaɓi layin tsayen gaba ɗaya, ki shiga Format Cells ki mai da shi Text. A Sheets kuma Format, sai Number, sai Plain text. Waɗanda sifirinsu ya riga ya tafi, in suna layin C, buga ="0"&C2 a gidan da ke kusa, ki ja shi ƙasa. Layin NIN ma ki mai da shi Text in kina da shi.

Tunda muna nan, duba kwanan wata. In fayil ɗinki a tsarin Amurka yake, 3/4 a wurinsa 4 ga Maris ne, ke kuwa 3 ga Afrilu kike nufi. A Sheets shiga File, sai Settings, ki mai da ƙasar zuwa Birtaniya.

Tambaya daga wata ƙaramar hukuma a Jigawa: Muna zagaya ƙauyuka muna rajistar mata, mun yi fom a Google Forms, amma wuraren babu sabis. Mun koma takarda, ana kwafewa da dare. Akwai mafita?

Amsa: Akwai. Google Forms ba ya aiki sai da intanet. Abin da ya dace da ku shi ne KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi a wuraren da sabis ke wahala, kuma yana da tsarin kyauta da zai ishi ƙaramar cibiya. A kwamfuta ake tsara fom ɗin, tambayoyin ma da Hausa in kun so. Ma'aikata su sauke manhajar KoboCollect a wayar Android, su janyo fom ɗin sau ɗaya tun suna gari, daga nan su cike ko nawa ne babu data. Da sun dawo inda sabis yake sai su tura, ku sauke komai a matsayin fayil ɗin Excel.

Hattara biyu. Tambayar lambar waya a sa ta a nau'in Text, domin nau'in adadi ba ya karɓar alƙaluma 11, ga kuma batun sifiri. Sannan fom ɗin da ba a tura ba a cikin wayar kaɗai yake zaune. In aka goge manhajar don a samu wurin ajiye bidiyon biki, ko wayar ta faɗa ruwa, aikin ya tafi. A tura kullum da yamma.

Tambaya daga Kano: Muna raba keken ɗinki ranar yaye, sai muka gano wasu na sake rajista da wani suna. Yaya zan kama su?

Amsa: Ta lambar waya, don ita ba a cika canzawa ba. A Excel zaɓi layin lambobin, shiga Conditional Formatting, sai Highlight Cells Rules, sai Duplicate Values, duk lambar da ta fito sau biyu za ta canza launi. Sai dai launi ba hukunci ba ne. Kishiyoyi biyu na iya bayar da lambar maigida ɗaya, uwa da 'ya ma haka. A kira su a gani da ido kafin a soke sunan kowa.

Tambaya daga Kaduna: Mun yaye mutum 60. Bayan wata shida mun samu 40 a waya, 30 daga ciki suna aiki. Shugabanmu ya ce mu rubuta kashi 75 cikin ɗari sun samu aiki. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Kuma yaya za mu rage masu ɓacewa?

Amsa: Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Kashi 75 ɗin na waɗanda kuka samu ne, 30 cikin 40. In aka auna da duk waɗanda aka yaye, 30 cikin 60 ne, kashi 50. Mutum 20 ɗin da ba su ɗauka ba, babu wanda ya san halin da suke ciki, kuma ba daidai ba ne a ɗauka kamar sauran suke. Wanda ya buɗe shago yana ɗokin ya ba ku labari. Wanda ya sayar da kekensa ya biya kuɗin asibiti, da ya ga lambarku sai ya kife wayar. Ka rubuta duka ukun a rahoto: an yaye 60, an samu 40, masu aiki 30. Mai ba da tallafin da ya san aikinsa zai fi yarda da wannan a kan kashi 75 da babu bayani, kuma in ya aiko mai bincike ba za ku ji kunya ba.

Sannan ku zauna ku yanke abin da kuke nufi da aiki tun kafin a fara kira, in ba haka ba kowane mai kira zai rubuta abin da ya ga dama. Ni zan raba shi haka a jerin zaɓi: aikin albashi, sana'ar kansa, yana ƙarƙashin maigida ana ba shi na sabulu, ya koma karatu, yana nema, ba a same shi ba. Ka ƙara tambaya ɗaya: sana'ar da ya koya ce yake yi, ko wata? Wanda ya koyi haɗa sola ya koma tuƙa adaidaita sahu yana samun kuɗi, amma wannan saƙo ne ga masu tsara darasinku. Kada kuma ka tambayi mutum "kana aiki?" a dunƙule, don amsar ita ce "Alhamdulillahi, muna nan muna fama", wadda ba ta shiga kowane gida a jadawali. Tambaye shi: a makon da ya wuce, kwana nawa ka yi aikin da aka biya ka?

Kowane kira layinsa daban a shafin bibiya: lambar ɗalibi, kwanan wata, wanda ya kira, amsa. Kada a goge amsar wata uku a ɗora ta wata shida a kanta, domin tafiyar mutum tsakanin biyun ita ce labarin.

Rage masu ɓacewa kuwa tun a aji ake fara shi. Ranar yaye a gaya musu za a kira bayan wata uku da wata shida, kowa ya adana lambar cibiya a wayarsa a gabanku. Wannan na da amfani biyu: mutane ba sa son ɗaukar baƙuwar lamba saboda 'yan damfara, kuma saƙon broadcast na WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, jeri ɗaya kuma mutum 256 yake ɗauka. Saƙon murya ya fi rubutu samun amsa, musamman wurin waɗanda boko bai yi musu nisa ba. Lambar da ta daɗe a rufe kamfani kan sake sayar da ita, don haka a tabbatar da wa ake magana kafin a fara tambaya. Wadda aka nema sau uku a ranaku daban ba a samu ba, a koma lamba ta biyu, in ta faskara a tambayi 'yan ajinsu. Kusan kullum akwai wadda ta san cewa ta yi aure ta koma Funtuwa.

Tambaya daga Bauci: Muna karɓar NIN da hoton kowa, muna tura fayil ɗin a zaurenmu na WhatsApp don kowa ya gani. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, Hajiya, ku daina yau. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Dokar ta ce a karɓi abin da ake buƙata kawai, a gaya wa mutum me za a yi da shi, a kuma tsare shi. In masu ɗaukar nauyinku ba su wajabta NIN ba, ku bar shi, BVN kuwa sai in za ku biya mutum ta hanyar da ta buƙace shi. Fayil mai suna da lambar waya da NIN na mata ɗari, in ya faɗa hannun ɗan damfara, gobe zai kira su ya ce daga cibiyarku yake, a turo dubu biyar kuɗin fom ɗin tallafi.

Ki ajiye fayil ɗin a Google Drive na adireshin cibiya, ba na sakatare ba, don kada ranar da ya ajiye aiki ya tafi da shi. A wurin Share a bar shi a Restricted, mutum biyu ko uku su zama Editor, sauran masu buƙata Viewer. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a adireshin. Masu tallafi kuma, in adadi suka nema, ki yi musu kwafi, ki goge layin suna da waya da NIN, ki bar lambar ɗalibi kaɗai, sannan ki tura.