Ƙaramar sintisaiza mai zuuu da siririn sauti

Ɗan'uwa, ka ce Korg Volca Bass ɗinka, wato ƙaramar sintisaiza (na'urar da ke ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki), tana yin zuuu, sautin kuma ba kauri. Fara duba wuta. Mu nan Gusau janareta muke sha, adafta mai arha kuma ita ke kwaso wannan gurnanin. Zare ta, sa batir AA guda 6, ka saurara. Ranar da na gwada haka a ɗakina na Tudun Wada, tsit kake ji.

Lasifikar jikin Volca ɗin kam, manta da ita. Ja gajeriyar waya daga ramin hedifon zuwa miksa (na'urar haɗa sautuka), kada ka ƙure ƙara. Maganar kauri kuwa, osileta 3 gare ta, wato sassan da ke samar da sautin: ɗan gocar da muryar ɗaya daga ta sauran, kaɗan fa, nan take sautin zai cika kunne. Sai ɗan eko (amsa-kuwwa) a miksa, kamar gishiri a miya.