iPad ta hannu, Samsung sabuwa ko Amazon mai araha: wacce ta dace da ɗaliba a Damagaram?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, shekara ta biyu, a Garin Malam nake zaune. Darussanmu yanzu kusan duk a PDF ake turo su ta WhatsApp, kuma idona ya gaji da karatu a ƙaramar waya. Lokacin hutu nakan samu aikin tattara bayanai da ƙungiyoyi ke bayarwa a ƙauyukan Mirriya da Magarya. Na tara jaka 130. Yayana da ke zuwa Kano ya ce zai samo mini iPad ta hannu a wannan kuɗi. A kasuwar Dole na ga Samsung da Tecno sababbi, sannan akwai wata Amazon Fire da ba ta kai rabin kuɗin ba. Ƙawayena duk iPad suke cewa. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam, malama. Kin riga kin ba da rabin amsar da bakinki, a wurin da kika ambaci aikin tattara bayanai. Mai sayen tabulet ba gilashi da ƙarfe kaɗai yake saye ba, kasuwar manhajoji yake shiga, kuma kowace kasuwa da ƙofarta. iPad tana ɗaukar manhaja daga App Store na Apple. Samsung, Tecno, Lenovo, itel da Infinix suna kan Android, kasuwarsu Google Play. Amazon Fire tana da tata daban. Manhajar da ba a ajiye a kasuwar na'urarki ba, kyan na'urar ba zai kawo ta ba.

To, manhajojin da ƙungiyoyi suka fi amfani da su wajen aikin tambayoyi a karkara, wato KoboCollect da ODK Collect, don Android kaɗai aka yi su. Babu su a App Store. Mai iPad sai dai ya buɗe takardar tambayoyin ta cikin Safari, manhajar buɗe shafukan intanet ta Apple. Hakan yana aiki har inda babu intanet, amma amsoshin da ba a tura ba suna zaune ne a cikin ma'ajin Safari ɗin, kuma ranar da aka goge bayanansa bisa kuskure, aikin yini uku ya bi ruwa. Ga matsala ta biyu da masu sayarwa ba sa faɗa: iPad da ba ta ɗaukar layi, wadda ke aiki da Wi-Fi kawai, ba ta da GPS a cikinta. A gari takan yi hasashen wurin da take daga Wi-Fi na maƙwabta, amma a gonar da ke bayan Magarya babu abin da za ta kama. Galibin takardun nan kuwa suna neman a ɗauki alamar wurin kowane gida kafin a wuce gaba. Kuma akasarin iPad ta hannu da za a samu a kuɗinki, mai Wi-Fi kawai ce.

Kafin ki fitar da ko dala ɗaya, tambayi shugaban aikinku na bara sunan manhajar da suke amfani da ita. In ya ce Kobo ko ODK, magana ta ƙare, Android ce taki.

Ba wai ƙawayenki sun yi ƙarya ba. Wajen karatu iPad tana da daɗi ƙwarai. Fuskarta tana da faɗi, ta kusa siffar takarda, don haka shafin PDF yakan cika ta ba sai an yi ta ja da yatsa ba. Yawancin na Android dogaye ne sirara, sun fi dacewa da kallon bidiyo. Apple yana daɗewa yana sabunta na'urorinsa, kuma ranar da kika so sayarwa ba ta faɗuwa warwas. Sai dai zama da ita a nan yana da tsada ta wasu hanyoyin. Ba ta da ramin katin memori, abin da kika saya da shi za ki zauna. Ko mai ɗaukar layi ba ta kiran waya irin na yau da kullum, ba kuma za ki danna tauraro da lambobi ki sayi data ko ki duba kuɗinki ba, layin na intanet ne kawai. Sababbin da suka fito daga 2024 ma an cire musu ramin layin, sai eSIM, wato layin da ba shi da kati, wanda sai in kamfanin layinki yana bayarwa. Kowace manhaja da datarki za ki sauke ta, ba kamar Android ba da ƙawa za ta iya tura miki ta Xender kuna zaune a aji. Alƙalamin rubutu a fuskar iPad da ake yi wa kwaɗayi shi ma daban ake sayen sa. WhatsApp kuwa sai a watan Mayun 2025 ya fito a hukumance don iPad, kuma yana neman babbar manhajar na'urar, wato iPadOS, ta kai 15.1 ko sama da haka.

Wannan batu na ƙarshe shi ne tarkon iPad ta hannu. Tsofaffi irin su iPad Air ta farko da mini 2 da mini 3 sun tsaya a iOS 12, ba sa gaba. Jikinsu sumul, batirinsu yana riƙewa, amma ki shiga App Store ki ga manhaja bayan manhaja tana cewa na'urar ta tsufa. Air 2 da mini 4 sun tsaya a 15, suna bakin ƙofa. In har iPad ɗin ce, kada ki yarda da ƙasa da tsara ta 9, wadda ta fito a 2021, domin daga ita ne mafi ƙarancin ma'aji ya koma giga 64. Ta 7 da ta 8 da giga 32 suka fara, kuma babbar manhajar kanta ta cinye kaso mai tsoka a ciki.

Sai kullen iCloud, wanda ya fi komai jawo kuka. Kowace iPad tana ɗaure da asusun mai ita. In bai cire asusunsa ba kafin ya sayar, ranar da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, kuma babu mai gyara a Zinder ko Kano da zai buɗe ta buɗewa ta gaskiya. Akwai masu yi mata dabara ta buɗe na ɗan lokaci, a sayar wa wanda bai sani ba, da an sabunta ta sai ta koma gidan jiya. Gwajin ɗaya ne, kuma a gaban mai sayarwa ake yin sa kafin kuɗi ya bar hannu. A shiga Réglages, sannan Général, a nemo Effacer contenu et réglages, a goge komai. In ta tashi, a haɗa ta da intanet a bi matakan farko. In ta nuna Verrouillage d'activation, ko ta nuna Gestion à distance, alamar tana ƙarƙashin wata makaranta ko kamfani a ƙasar da ta fito, a ajiye ta a tafi. Mai kayan da ya ce "ba sai an goge ba, ai ga ta tana aiki", shi ya san dalilinsa. Aika yayanki ya sayo ba tare da wannan gwaji ba, cinikin biri a sama ne.

Amazon Fire ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Asalinta Android ce, amma Amazon ya cire Google Play ya sa tasa kasuwar, wadda babu manhajojin Google a cikinta. Ba ta ɗaukar layi, ba ta da GPS, kuma masu arahar suna nuna talla a fuska. Masu gyara suna iya cusa mata Google Play da hannu, sai dai abin yakan lalace bayan sabuntawa. Don yara, ko sauraren karatun Alƙur'ani da kallon bidiyon da aka zuba a katin memori, ba ta da laifi. Don aikinki, a'a. Haka Huawei: tun takunkumin Amurka na 2019 sababbin na'urorinsa ba sa zuwa da manhajojin Google, duk da ingancin jikinsu. Masu Windows irin su Surface kwamfuta ce sosai, amma mai kyau ta fi ƙarfin jaka 130.

Saura Android, kuma a nan ne ake buƙatar ido, domin kasuwar ta haɗa zinariya da gwangwani. Abu huɗu za ki riƙe. RAM, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe manhajojin da aka buɗe, kada ta gaza giga 4 na gaskiya. In kika ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗun farko ne nata, na biyun aro ne daga ma'aji, kuma ba ya sauri kamar na asali. Mai giga 2 ko 3 za ta riƙa rufe PDF ɗinki duk lokacin da kika leƙa WhatsApp. Ma'aji giga 64 ne mafi ƙaranci, 128 ya fi kwanciyar hankali, tare da ramin katin memori. Sannan ta zama mai ɗaukar layin 4G, domin samfuri ɗaya yakan zo iri biyu, mai layi da marar layi, kwalinsu kusan ɗaya. Na huɗu girman fuska. Galaxy Tab A9 inci 8.7 ce, tana shiga jaka, tana da sauƙin riƙewa a tsaye a ƙofar gida kina yi wa mutane tambaya. A9+ inci 11 ce, ta fi daɗin karatu, ta fi nauyi da tsada. Wadda idonta ke gajiya, inci 10 zuwa 11 ya fi mata. Amma ki san cewa Word da Excel na Microsoft kyauta ake rubutu da su a fuskar da ba ta wuce inci 10.1 ba, sama da haka suna neman kuɗin wata. Google Docs da WPS suna toshe wannan giɓi. Ki sa Gboard, allon rubutu na Google, ki zaɓi Hausa, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ.

Akwai wasu da za ki gani an jera su da kwali mai ƙyalli, da allon rubutu da linzami da alƙalami duk kyauta, an rubuta RAM 16 da ma'aji 512 ko ma tera guda, a farashin da bai kai na ƙaramar Samsung ba. Lambobin nan an rubuta su ne a cikin manhajar na'urar don su ruɗi mai dubawa. Ko kin shiga saitinta, ƙaryar za ta nuna miki. Asirinta yakan tonu bayan mako biyu ko uku, lokacin da ainihin ma'ajin ya cika: hotuna su koma baƙaƙe, bidiyo ya ƙi buɗewa, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi. Araha ba ta ado. Sunan da ba ki taɓa ji ba, wanda ba shi da shafin kamfani a intanet, ki wuce shi.

A shago, ki tafi da layinki da katin memori. Sa layin, ki ga 4G ta fito a sama, ki danna lambar duba kuɗi, ki kira wani. Wasu masu ɗaukar layin, intanet kawai suke yi, ba sa kira. Danna *#06# ki gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Buɗe Play Store, Paramètres, À propos, ki duba Certification Play Protect. In ta ce ba a tantance na'urar ba, wasu manhajojin banki da na aika kuɗi za su ƙi ta. Sauke KoboCollect nan take. Sannan ki fita waje ƙarƙashin rana ki buɗe Google Maps, ki ga ko ɗigon ya tsaya a inda kike, ki kuma ga ko ana iya karanta rubutu a hasken, domin a ƙauye ba kullum za a ba ki inuwa ba. In ta hannu ce, ita ma a goge ta a gabanki, Android tana da nata kullen na asusun Google. Ki karɓi rasit mai lambar na'urar, ki tambayi wa zai gyara in ta samu matsala cikin watannin garanti, kuma a ina. Gilashi da batirin Samsung da Tecno sun fi sauƙin samu a wannan yanki.

Kada kuɗin ya ƙare a kan na'urar. Ware kamar jaka 15 zuwa 20 don riga mai kare kusurwa, gilashin kariya, katin memori daga hannun wanda kika yarda da shi, saboda shi ma ana jabunsa, da batirin guzuri, wato power bank, mai ƙarfin mAh 20,000 don kwanakin karkara. In daga Kano kayan ya zo, cajarsa mai ƙafa uku ce masu faɗi, soket ɗinmu kuwa mai rami biyu ne zagayayyu, sai da mahaɗi mai kamawa sosai, ba mai lilo yana tartsatsi ba.

Zafi shi ne babban mai kashe batir a garin nan. Kamfanin Apple da kansa ya ce na'urarsa ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kada ki yi caji tana kan katifa ko cikin jaka, ki cire mata riga in ta ɗau zafi, kada ki bar ta a mota a rufe. Da an ɗauke wuta ki zare cajar, domin dawowar wutar da ƙarfi ce ke ƙona ta. In kika ga gilashin ya fara ɗagowa daga gefe, batir ne ya kumbura, a daina caji a kai gyara a ranar. Lokacin hunturu kuma ƙura takan cushe ramin caji har a zaci ya lalace. Kashe na'urar, ki sa tsinken sakace na itace a hankali ki fito da ita, ban da allura.

Da jaka 130 da irin aikinki, ki nemi sabuwar Android ta sanannen kamfani, mai layi, RAM 4, ma'aji 64 ko 128. In mai inci 11 ta Samsung ta fi ƙarfin abin da ya rage bayan kayan kariya, ki duba ta Tecno ko Lenovo mai girman nan, ko ki sauko kan mai inci 8.7 ki riƙa kwantar da ita a gicciye lokacin karatu.