Tambaya da Amsa: Kofunan Gilashin Finland Masu Kaushin Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kofunan gilashi shida a wurin masu kayan gwanjo, jikinsu duk gurje-gurje ne kamar ƙanƙarar da ta fara narkewa, amma bakinsu sumul yake. A jikin ɗaya akwai ɗan tambari ja mai harafin "i" a tsakiya. Maigidana ya ce waɗanda suka lalace ne a masana'anta aka zubar. Shin gaskiya ne, kuma yaya ake yin irin wannan gilashi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ba maigida haƙuri, domin wannan kaushi ba aibi ba ne, da gangan aka yi shi, kuma shi ne ma abin da ya ɗaga darajar kofunan. Jan tambarin na kamfanin Iittala ne, wanda aka kafa a shekarar 1881 a wani ƙauye mai wannan suna a kudancin ƙasar Finland, kuma mai zane Timo Sarpaneva ne ya zana tambarin a 1956. Bisa yadda kika siffanta su, sun yi kama da samfurin Ultima Thule wanda wani mai zanen, Tapio Wirkkala, ya fitar a 1968. Ki kifa ɗaya ki duba: idan gindinsa a zagaye yake, yana tsaye a kan 'yan ƙafafu uku, to shi ne.

Kafin a gane kaushin, sai an san yadda ake samun santsi. Ana narka yashi da soda da farar ƙasa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,400, sai ma'aikaci ya ɗebo curin narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe, ya saka shi cikin mazubi, ya yi ta hurawa yana juya bututun. Mazubin katako a jiƙe yake da ruwa, saboda haka da zarar gilashi mai zafi ya shiga, tururi ke tashi ya shiga tsakaninsu, kuma wannan tururin tare da juyawar su ne ke sa jikin kofi ya fito sumul. Idan kuwa aka hura ba tare da juyawa ba, gilashin zai lafe a bangon mazubin ya kwashe duk wani tudu da kwari da ke jikinsa, kamar yadda ƙullun waina ke ɗaukar siffar tanda. Ba a bayan kofi ya huce ake sassaƙa shi ba, a cikin mazubi yake samun fatarsa.

Shekaru aru-aru masu sana'ar suna ɗaukar ƙonewar mazubi a matsayin asara, har sai da Sarpaneva ya juya lamarin. A jerin tulunan furanninsa masu suna Finlandia, na shekarar 1964, ya bar gilashin ya ci katakon da wuta. Kowace hurawa tana ƙara ƙona cikin mazubin, gawayi yana tsagewa, sai tulun ya fito da jiki irin na ɓawon itace, kuma na biyu ba zai taɓa zama daidai da na farko ba tunda mazubin ya riga ya sauya. A ganina wannan ita ce dabara mafi ƙarfin hali a tarihin gilashin ƙasar, sai dai tana da tsada, domin mazubin da ke cin kansa ba ya daɗewa. Wirkkala, wanda ya saba zama a yankin Lapland na arewa mai nisa inda yake kallon narkewar ƙanƙara, ya sassaƙa tsarin Ultima Thule da hannunsa a jikin baƙin ma'adinin nan da ake yin bakin fensir da shi, wanda ke jure zafi, ta yadda za a iya maimaita siffar sau da yawa. Kamfanin jiragen sama na Finnair ya ɗauki kofunan lokacin da ya fara zirga-zirga tsakanin Helsinki, babban birnin Finland, da birnin New York na Amurka a 1969, daga nan ne duniya ta san su.

Akwai hanya ta biyu wadda ba hurawa a cikinta, wato dannawa: a zuba gilashi a mazubin ƙarfe, a danna shi da wani ƙarfen daga sama. Tana da sauri da araha, amma takan bar layi a inda ɓangarorin mazubi suka haɗu. A nan ne nake jinjina wa Oiva Toikka, wanda a 1964, a masana'antar Nuutajärvi da aka kafa tun 1793, ya rufe farantai da kwanuka da zobba na ƙananan ɗigo masu kama da raɓa domin ido ya manta da layin. Sunan samfurin Kastehelmi. Tun kafin shi, a 1932, Aino Aalto ta yi kofunan dannawa masu zobba irin na ruwan da aka jefa wa dutse, suka ci lambar zinariya a baje kolin Milan na 1936. Waɗannan kaya ne na talaka, na teburin yau da kullum, kuma hakan ya fi burge ni a kan tulunan da ake kullewa a gidajen tarihi.

Tambaya: Ta yaya zan san na da ne ko sabo, kuma zan iya shan shayi a ciki? Daga wani mai karatu a Zinder.

Amsa: Malam, samfuri ɗaya yakan daɗe ana yin sa. Har yanzu ana yin Ultima Thule, shi kuma Kastehelmi an dakatar da shi a 1988 aka dawo da shi a 2010, saboda haka siffa kaɗai ba ta nuna shekaru. Jan tambarin ma an yi amfani da shi har zuwa 2024, kuma takarda ce da wanki ke ɗauke ta, don haka rashinsa ba ya nufin jabu ne. Manyan tuluna na ado sukan zo da sunan mai zanen a karce a gindi, amma kofunan sha galibi ba su da shi. Kayan masana'antar Riihimäki kuwa, inda Nanny Still da Helena Tynell suka yi kwalabe masu launi da ado a jiki, duk na da ne, domin an rufe ta a 1990.

Game da shayi, kada ka zuba. Gilashi mai kaushi wani wuri kauri ne wani wuri siriri, kuma ruwan zafi yana buɗa ɓangare ɗaya kafin ɗayan, sai ya tsage nan take. Ka bar su ga ruwan sanyi da zoɓo da lemo. Ka wanke su da hannu cikin ruwa mai ɗumi da sabulu, kuma a lokacin hunturu, idan ƙura ta cika ramukan, ka bi su da buroshi mai laushi maimakon soson ƙarfe.